Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin da magatakardan ƙungiya, mai riƙe da kwamitin neman gudummawa, ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya a Kodjoviakopé, Lome.



Malamanmu, shugaban ƙungiya da mataimakansa, ma'aji, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da suka tsallako daga Aflao da safiyar nan, da waɗanda suka kwana a mota daga Cinkassé da Kwatano, barkanku da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan kuɗi. Na sani sarai, da yawa daga cikinku da zarar kun hango ni da baƙar jakar nan sai ku tuna kuna da uzuri a bayan shago. Ba na jin haushi, ni ma da haka nake yi. Amma yau tunda kun zauna, kuma ba a raba abinci ba tukuna, ku ba ni aron kunnuwanku.

An ɗauke ni aiki ne domin rubuta wasiƙa da Faransanci, da riƙe rajistar 'yan ƙungiya, da raka wanda aka tsare wa kaya zuwa ofishin duwan. Daga baya kwamiti ya ce tunda ni ke da sunan kowa da lambar kowa, sai in haɗa da neman gudummawa. A manyan ƙungiyoyin agaji darakta guda ake ɗauka domin wannan aiki kaɗai, da albashi da mota da ma'aikata. Ni kayan aikina su ne babur, da littafin resi, da waya. Abin da na koya a kan babur ɗin nan shi zan gaya muku, har da inda na yi kuskure.

Bari mu fara tuna dalilin da ya sa muke tara kuɗin. Ba a haife ni ba a 1977, lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari aka mai da mutanenmu can arewa wajen Agoè, kimanin kilomita 15 daga kasuwa. Amma akwai dattawa a nan da suka ɗauki kwanon rufin gidansu da hannunsu. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, wanda ya ci bashin kayan waje ya wayi gari bashin ya ninka. A Janairun 2013 kasuwar Kara ta ƙone, bayan kwana biyu babbar kasuwar Lome ta bi ta. Wannan kam na gani da idona, na ga matan da suka yi shekara talatin suna sayar da atamfa suna zaune a bakin titi hannu rabbana. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa sai Disamban 2020. Kafin mu farfaɗo, korona ta zo, ƙofar nan ta Aflao da muke hangowa daga inda muke zaune ta rufe tun Maris 2020, Ghana ba ta buɗe ba sai Maris 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, hanyar Kwatano zuwa Yamai ta toshe, kaya suka koma bi ta Cinkassé da Kaya da Dori da Tera, kamyo na jiran rakiyar sojoji mako da makonni, direba da yaron mota suna cin kuɗin hanya har ya ƙare. A Disamban 2023 kuma wuta ta cinye kasuwar Agoè-Assiyéyé.

Ku duba jerin nan da kyau. Babu ɗaya da ya aiko da sanarwa. Kuma tsakanin wannan da wancan, a 'yan shekarun nan, ratar sai ƙara raguwa take yi. Sana'armu a bakin ƙofa take, mabuɗin ƙofar kuma ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne asusu.

Hanya uku kuɗi ke shigo mana. Ta farko ita ce wadda muka fi so, wato gidauniya. In abu ya faru sai mu kafa rumfa, mu ɗauko lasifika, mu gayyaci babban baƙo da mai ƙaddamarwa. Sanƙira ya ɗauki makirfo, Alhaji wane ya ba da miliyan kaza, a yi tafi, Alhaji wane ya ce ya ɗora a kai, a ƙara tafi. Kowa ya koma gida yana cewa ƙungiya ta yi arziki. Washegari sai a miƙo mini takardar alkawura a ce in bi. Nan aikin yake. Wani zai ce in dawo in kayansa sun fita daga tashar jirgin ruwa. Wani ya yi tafiya Kumasi. Wani yaronsa zai ce yana barci, ga shi ina jin muryarsa a ciki. Akwai gidan da na je sau bakwai. Ban ambaci suna ba, ba kuma zan ambata ba. Akwai kuma waɗanda tun kafin a naɗe tabarma suka cika, Allah ya ƙara musu buɗi. Amma ku duba rahoton ma'aji da ke cikin wannan mujalla, ku gwada abin da aka shelanta a lasifika da abin da ya shiga asusu. Sannan ku cire kuɗin rumfa da kujeru da abinci da man janareta. Abin da ya rage shi ne abin da ya isa hannun wanda shagonsa ya ƙone, kuma ya isa ne bayan wata uku ko huɗu, lokacin da ya riga ya sayar da filinsa ko ya ci bashi mai ruwa. Alkawari kaya ne, iyayena. Wanda ya san jaka hamsin zai iya, ya faɗi jaka hamsin, mu yi masa tafi na gaskiya.

Hanya ta biyu ita ce masu taimako na waje. Kullum ana ce mini, "Malam magatakarda, kai da ka iya Faransanci, me ya sa ba ka nemo mana kuɗin Turawa ba?" Na nema. Akwai wata ƙungiyar waje mai tallafa wa ƙananan 'yan kasuwar kan iyaka da na bi har aka ba ni ranar ganawa. Na sa babbar riga, na shirya dogon bayani kan wahalarmu. Matar da ta karɓe ni ta saurara da kyau, sannan ta nemi abu huɗu: takardar resepise da ke nuna an yi mana rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1901, da lambar asusun banki da sunan ƙungiya, da rahoton kuɗi na shekarun baya, da takardun taron da aka zaɓi shugabanni. Resepise muna da shi. Sauran kuwa, kuɗinmu a lokacin yana cikin akwati a shagon mutum ɗaya, lissafinmu yana cikin kan mutum biyu. Na fito ina gumi. A ranar na gane mai ba da kuɗi tambaya ɗaya yake yi, ko Bature ne ko Hajiya mai sayar da goro: wanda na bayar jiya, ina ya shiga? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai iya nuna yadda ya riƙe jaka ɗaya ba, ba za a damƙa masa miliyan ba.

Hanya ta uku ita ce wadda ba a yi mata tafi, wato kuɗin wata. Bari mu yi lissafi tare. A ce mutum 200 ne suka riƙe biyan jaka 2 kowane wata. Jaka 400 ke nan a wata, a shekara miliyan 4 da jaka 800. Jaka 2 a wata bai kai kuɗin ruwan leda uku a rana ba. Babu rumfa, babu lasifika, babu mai bin wani gida sau bakwai. Kuma ranar da aka kira ni da ƙarfe biyun dare aka ce motar ɗan'uwa ta faɗi a hawan Aledjo, ko an rasu a Hilakondji ana neman kuɗin ɗauko gawa, wannan kuɗin ne yake nan a shirye. Ina so in faɗi wani abu a gaban kowa. In kun buɗe rajistata, layin da ba ya da giɓi layin iyayenmu mata ne. Sun saba da adashi, sun san ranar zubi ba ta da uzuri. Mu maza mun fi su murya a taro, sun fi mu cika alkawari a littafi.

Yanzu sai laifina. Bayan an buɗe iyaka a 2022, 'yan'uwanmu na ɓangaren Ghana suka zo suka biya bashin watannin da suka wuce, da sidi. Maimakon in canza a ranar in kai wa ma'aji, sai na ajiye a durowa, wai ina jiran canji ya gyaru ƙungiya ta ci riba. Kun san abin da ya faru da sidi a waccan shekarar. A farkonta dalar Amurka ɗaya tana kan sidi 6 da ɗoriya, zuwa Nuwamba ta haura 13. Kuɗin yana durowa yana narkewa kamar ƙanƙara. Ban ci ko dala ba, amma na yi caca da amanar mutane ba tare da na tambayi kowa ba. Na kai kaina gaban kwamiti, na biya giɓin daga albashina kaɗan-kaɗan. Tun daga nan muka kafa ƙa'ida: sidi ko naira, ranar da aka karɓa ranar ake canzawa zuwa sefa, a rubuta farashin canjin a jikin resi.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Wata rana a taro, don in nuna asusu yana aiki, na karanta sunan wani dattijo da adadin da aka taimaka masa da shi. Ina ganin na yi abin kirki. Mutumin nan ya shekara arba'in yana saukar da baƙi a gidansa, yana ciyar da fatake, yana tsaya musu a ciniki. Bai ƙara zuwa taro ba har Allah ya karɓi abinsa. Na je neman gafara ya ce ba komai, amma na ga idonsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ne, lissafi dole ya fito fili. Amma adadi ake karantawa, sunan wanda aka rufa wa asiri ya tsaya tsakanin mutum uku.

Akwai kuma maganar zakka, wadda malamanmu suka ja mini kunne a kanta. Wasu kan miƙo kuɗi su ce zakkarsu ce, a sa a asusu. Zakka tana da mutanenta da aka ƙayyade. Ɗan kasuwar da bashi ya danne bayan gobara yana cikinsu, matafiyin da guzuri ya yanke masa a hanya yana cikinsu. Hayar ofis da kujerun taro ba sa ciki. Saboda haka mun raba littafi. Wanda ya kawo zakka ya faɗa, a rubuta ta daban, a fitar da ita daban da sanin malam.

To, ga abin da kwamiti yake roƙon wannan taro ya amince da shi kafin mu tashi.

Na ɗaya, kuɗin wata ya zama wajibi a kan kowane ɗan ƙungiya, babba da yaro, a biya kafin goma ga wata. Wanda yake kan hanya ya turo ta waya a lambar ƙungiya, kada ya turo a lambata ko ta shugaba. Saƙon da zai shigo wayarsa shi ne shaidarsa har ya dawo ya karɓi resi.

Na biyu, kada kuɗi ya fita daga banki sai da sa hannun mutum biyu cikin uku, kuma ɗaya daga ukun ta zama mace da mata suka zaɓa da kansu.

Na uku, duk wata uku a karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a, a manna kwafi a ƙofar ofis. Wanda bai gamsu ba yana da ikon ya zo ya buɗe littafi, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Na huɗu, a ware wani kaso na kuɗin wata da ba za a taɓa ba sai don gobara, ko hatsari, ko rufe iyaka. Ba na biki ba ne, ba na tarbar baƙi ba ne, ko da baƙon minista ne.

Na biyar, a zaɓi matasa biyu su zauna tare da ni su koyi aikin. Yau in babur ya kayar da ni, rabin abin da ƙungiya ta sani game da masu ba ta gudummawa ya tafi asibiti tare da ni. Wannan ba daidai ba ne.

Na san akwai masu cewa, "Ni shekara nawa ina biya ban taɓa cin komai ba." Alhaji, ka gode wa Allah. Wanda ya ci kuɗin asusun nan, da hawaye ya ci shi. Akwai kuma masu cewa kasuwa ba ta tafiya, a bari sai abubuwa sun gyaru. Tun ina yaron shago nake jin ana jiran abubuwa su gyaru. Iyayenmu da suka taso daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da Gaya suka zauna a bakin tekun nan ba su tarar da banki ko inshora ba. Maigida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in ya shiga matsala, ya binne shi in ya rasu. Yau mun yi yawa, gida ɗaya ba zai ɗauke mu ba. Asusun nan shi ne gidan maigida na zamaninmu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni da ma'aji muna zaune a teburin da ke bakin ƙofa, littafin resi a buɗe. Wanda ake bi bashin watanni ya zo mu yi magana a asirce, a tsara masa yadda zai biya a hankali, babu mai tona shi. Wanda ya yi alkawari a gidauniyar da ta wuce, ƙofa ɗaya ce a wurin nan, kuma ta gabanmu take.

In na saɓa wa wani a cikin maganata, ko a yawon da nake yi gidajenku, ya yafe mini. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu daga wuta da ruwa da sharrin hanya, ya ji ƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya nuna mana na baɗi da rai da lafiya.