Tamfol ya fara yoyo? A gyara shi tun bazara

 Yau maganarmu a kan tamfol ce, wanda kake rufe bukka da shi a ruga, ko kake lulluɓe kaya a mota tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni. Ruwan watan Agusta in ya samu buhun sukari ko gishiri ko siminti, uwar kuɗi ta tafi. In gyaɗa ko masara ce ta jiƙa, fumfuna za ta kama ta, kuma irin wannan fumfunar guba ce ga mutum da dabba. Saboda haka lokacin gyara shi ne Afrilu da Mayu, rana na da ƙarfi, hadari bai taso ba.

Da farko ka gwada. Shimfiɗa shi, ka yayyafa ruwa. In ruwan ya dunƙule ya gangara, da sauran ƙwarinsa. In wurin ya yi duhu ya tsotse ruwan, maganin da aka shafa masa tun daga kamfani ya ƙare. Sannan ka ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa, duk ƙaramar huda za ta nuna kanta.

Sai ka san irin naka, don iri biyu ne. Akwai na zare mai kauri, akwai na leda.

Na zare ya fi karɓar gyara. Kakkaɓe ƙura, ka wanke da ruwa da buroshi. Kada ka sa garin sabulu, don abin da ya maƙale a zaren shi ke jawo ruwa ciki. Bari ya bushe ƙayau. Samo kyandir da kakin zuma, kashi ɗaya-ɗaya, ka zuba a gwangwani, ka saka gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har su narke. Ban da ɗora shi kai tsaye a wuta, kaki yana kamawa. In ya daskare ya zama kamar sabulun sanda, sai ka bi tamfol ɗin kana gogawa. Bayan nan ka ɗora takarda ka bi da dutsen guga mai ɗumi, ko ka baza shi a ranar tsaka, kakin ya ratsa zaren. Ka fi ba wa ɗinki da wurin ninki ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ta hudar allura yake farawa.

Na leda ba ya shan kaki. Rana ce ke cinye shi. In hudar ƙarama ce, kai wa mai faci ya manna masa irin ledarsa ciki da waje. In kuwa ka murza shi ka ga yana marmashewa, kwanansa ya ƙare. Rufe itacen girki da shi, kada ka amince masa da kayan kasuwa.

To, ga gargaɗi. Wasu na shafa baƙin mai, wasu na narkar da kyandir da fetur ko kalanzir. Don Allah a daina. Tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya tashi bukka da mutanen ciki, kuma warin man yana shiga hatsi da dusa.

In damina ta wuce, kada ka naɗe tamfol da danshi. Shanya shi ya bushe, ka ajiye shi a bisa, nesa da gara da ɓera. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.