Jita-jita a Kan Gawa: Daga Tudun Wada Zuwa Santa Fe

Takardar da aka gabatar a taron wayar da kan jama'a, Tudun Jukun, Zariya

 

An nemi in yi magana a kan surutan da ke biyo bayan mutuwar fuju'a, musamman idan miji da mata ne suka tafi tare, kuma sanannu ne. Malamai sun daɗe suna yi mana wa'azi a kan zato da ɗaukar labari ba tare da tantancewa ba, Suratul Hujurat ta isa hujja, kuma ba zan ƙara a kan abin da suka fi ni sani ba. Abin da nake son karewa a yau shi ne: wa'azi kaɗai bai taɓa kashe irin wannan jita-jita ba, domin mutane suna ƙirƙiro dalilin mutuwa ne idan wanda ya kamata ya faɗa musu bai bincika ba, ko ya bincika ya yi gum. Zariya ta san haka tun da daɗewa. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, kuma cikin dalilan kafa ta har da raɗe-raɗin da ya cika ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Turawan ba su tsaya ga cewa a daina surutu ba, sai suka samar da inda za a ji bayani.

Daren 1 ga Fabrairu, 2014

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan sun ji labarin tun a daren. Ranar Asabar ce. Sheikh Muhammad Auwal Adam Albani ya gama karatu a Markazus Salafiyya da ke nan Tudun Wada, yana hanyar gida da iyalinsa, 'yan bindiga suka buɗe wa motarsa wuta. Shi da matarsa da ɗansa suka rasu. Allah ya jiƙan su.

Wannan kisa ne a fili, ba mutuwar cikin ɗaki ba. Na kawo shi ne saboda abin da bakunanmu suka yi bayansa. Kafin a yi sadakar uku, kowace majalisa ta riga ta gano wanda ya yi. Masu jin haushin gwamnati suka ce gwamnati ce. Wasu suka ce 'yan siyasa. Wasu suka lissafo duk wata ƙungiyar addini da Malam ya taɓa yi wa raddi, suka zaɓi wadda suka fi ƙi. Ku lura, babu wanda zatonsa ya faɗa kan mutumin da yake so. Kafin watan ya ƙare Abubakar Shekau ya fito a faifan bidiyo ya ce su ne, a watan Maris kuma hukumar tsaro ta farin kaya ta nuna wa 'yan jarida wasu mutane da ta ce su suka kitsa. Surutu ya ragu, amma bai mutu ba, don tsayar da mutane a gaban kyamara ba hukuncin kotu ba ne. Na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ma ya fi muni. An harbe shi yana jan sallar Asuba a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu, 2007, jajibirin zaɓen gwamna, kuma har yau jama'a ba su ji kotu ta ce ga wanda ya aikata ba. Saboda haka kowa ya riƙe nasa.

Gidan da ke Santa Fe

Yanzu mu je inda aka bi wata hanya. Ranar Laraba 26 ga Fabrairu, 2025, ma'aikatan gyare-gyare suka tarar da gawar Gene Hackman, tsohon ɗan fim ɗin Amurka da ya ci kyautar Oscar sau biyu, da ta matarsa Betsy Arakawa, a gidansu da ke Santa Fe a jihar New Mexico. Yana da shekara 95, ita 65. Ita tana kwance a banɗaki, ga ƙwayoyin magani a warwatse kusa da ita, ga na'urar ɗumama ɗaki. Shi kuma yana wani ɗaki kusa da kicin, sandarsa a gefe. Ɗaya daga cikin karnukansu uku ya mutu a cikin keji, biyu na raye. Gawarwakin sun yi kwanaki, babu rauni, babu alamar an fasa gida.

In da a nan ne, na san abin da za a ce kafin azahar. Su ma can sun ce nasu. Intanet ta cika: gubar hayaƙi ce, a'a, matar ce ta kashe shi ta sha magani, a'a, rigimar gado ce, ai ta girme shi da wayo ko da ya girme ta da shekara talatin. Ba su fi mu kamun baki ba ko kaɗan.

Bambancin yana wajen hukuma. Kamfanin gas ya duba gidan. An gwada jinin mamatan, babu gubar hayaƙi. Ƙwayoyin da aka gani ashe maganin da aka rubuta mata ne na yau da kullum. An ciro bayanan na'urar daidaita bugun zuciya da ke dashe a ƙirjin Hackman, ta nuna motsinta na ƙarshe ranar 18 ga Fabrairu. Ranar 7 ga Maris, kwana tara bayan gano gawarwakin, babbar likitar binciken gawa ta jihar, Dokta Heather Jarrell, ta tsaya gaban 'yan jarida tare da shugaban 'yan sandan gundumar, Adan Mendoza, ta faɗi abin da suka gano. Matar ce ta fara rasuwa, kusan mako guda kafin mijin, sanadin hantabairas, cutar huhu da ake ɗauka daga fitsari da kashin ɓeraye. Mijin ciwon zuciya ne ya kashe shi, ga kuma cutar mantuwa ta Alzaima da ta ci shi sosai, har ana ganin mai yiwuwa bai ma fahimci matarsa ta rasu ba. Karen kuwa yana keji, babu mai ba shi ruwa.

Akwai wani ƙaramin abu da ya burge ni fiye da sauran. Da farko sun ce matar ta rasu wajen 11 ga wata. Da bayanan wayarta suka nuna ta kira wani asibiti ranar 12, sai suka fito suka gyara. Hukumar da ke gyara maganarta a bainar jama'a, ita ake yarda da ita gobe.

Kuma ku duba yadda gaskiyar ta fi duk labaran da aka tsara ban tausayi: dattijo mai shekara 95 yana kai-kawo a gida kwana da kwanaki, mai kula da shi ta riga shi tafiya, babu wanda ya leƙo. Matar da aka yi ta zargi, ita ce ta riƙe shi har ƙarfinta ya ƙare.

Tuffa da shayi

Kada a ce na ɗauki binciken gawa maganin komai. Muna da misali biyu a shekara ɗaya. Janar Sani Abacha ya rasu a fadar gwamnati ranar 8 ga Yuni, 1998, aka kawo shi Kano aka binne a ranar, ba a yi binciken gawa ba. Labarin cewa tuffa mai guba aka ba shi ya fito, kuma yaran da ba a haifa ba a lokacin suna ba da shi yau kamar suna ɗakin. Bayan wata guda, 7 ga Yuli, Cif Moshood Abiola ya rasu a tsare, ana cikin ganawa da jakadun Amurka, Thomas Pickering da Susan Rice. Shi an yi masa bincike, likitoci daga ƙasashen waje suka ce daɗaɗɗen ciwon zuciya ne. Amma labarin cewa guba aka sa masa a shayi bai mutu ba, domin mutumin ya yi shekara huɗu a hannun gwamnatin da babu mai gaskata ta, kuma kafin sakamakon ya fito an riga an yi tarzoma a Legas, 'yan Arewa na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Bincike yana aiki ne idan ya zo da wuri, daga bakin da jama'a suka yarda da shi.

Wanda jita-jita ke ɓoyewa

Manya suna da masu kare su. Damuwata tana kan gidajen da ba sa shiga jarida. Ango da amarya su kwanta lafiya, da safe a ɓalle ƙofa a tarar da su. Nan take a ce sammu ne, ko tsohon saurayi, ko uwargida ta zuba wani abu a kunu. Kusan kullum zargin kan mace yake sauka, ko kan ɗan aikin da ba shi da gata. Ta yi ta yawo da wannan tabo har 'ya'yanta su rasa masu aure.

Alhali sau da yawa mai kisan yana nan a soro ko bakin taga, an bar shi a kunne: janareta. Ko kaskon gawayi da aka shiga da shi ɗaki lokacin hunturu aka toshe ko'ina. Iskar kabon monoksaid da suke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa don rayuwa sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, kasala, sai barci, shi ke nan. Gwajin jini kaɗai ya isa ya nuna ta. In an ce aljanu ne, gobe maƙwabci zai sake kwana da nasa janaretan a tsakar gida.

Haka batun ɓera. Abin da ya kashe matar Hackman yana da ɗan'uwa a ƙasarmu, zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma ya fi tashi da rani. Shi ya ma fi haɗari ta wani ɓangare, don yana bin jini da ruwan jiki daga mutum zuwa mutum, har masu wankan gawa. A watan Janairun 2020 ya kashe likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan mutum biyu suka mutu a gida ɗaya cikin mako guda muka ce maita ce, mun bar na uku da na huɗu a hannun cutar.

Me addini ya ce?

Na san abin da ke ran wasu: gawar Musulmi tana da alfarma, kuma an umarce mu da gaggauta jana'iza. Gaskiya ne, ba na neman a taɓa wannan. Amma malaman da suka fi mu sanin alfarmar gawa sun duba mas'alar. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987, duk sun halatta binciken gawa idan ana tuhumar kisa ko ana neman gano annoba. Ba kuma kowane bincike ke buƙatar yanka ba. Ɗibar jini ba ta hana a yi sutura a ranar. A Ingila iyalan Musulmi da na Yahudawa kan nemi a ɗauki hoton gawa da na'urar sikanin maimakon wuƙa. Faɗin "kwana ne ya ƙare" imani ne, tambayar sanadi kuma ba ta rushe shi.

Ba mu rasa kayan aiki ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika da likitocin wannan fanni, kuma doka ta ba alƙalin majistare ikon sa a binciki mutuwar da ba a gane kanta ba. Abin da ke korar mutane shi ne tsoron gawa za ta kwana a mutuware, da tsoron kuɗi, da tsoron a kwashe 'yan gida a kai ofishin 'yan sanda. Tsoro ne mai dalili, kuma nauyin cire shi yana kan hukuma, ba kan mai makoki ba.

Don haka roƙona ga iyayenmu masu unguwanni: idan aka tarar da fiye da mutum ɗaya a mace a gida, a buɗe tagogi, a fitar da kowa, a kira ma'aikacin lafiya kafin a kira masu wanka. Ga likitocinmu da 'yan sanda, ku zauna ku fitar mana da hanyar da za a ɗebi jini a sallami gawa a rana ɗaya, ba tare da an caji marayu ba. Malamanmu limamai kuma, ku jama'a ke gaskatawa. In sakamako ya fito kuma iyalan mamaci sun amince, ku faɗe shi bayan salla kamar yadda kuke sanar da jana'iza, ko da cewa za a yi hayaƙin janareta ne, don a wanke wadda aka zarga tun tana raye.