Kafin Mu Sa Yaro Sana'a

Yau zancenmu a kan sana'a ne, da yadda za mu bincike ta kafin mu sa yaro a ciki.

A da ba a shan wahalar zaɓe. Ɗan maƙeri yana tashi a gindin zuga-zugi, ɗan marini a bakin karofi, ɗan mahauci ya gaji fawa. Yanzu kuwa yaro yakan ga wani ya ɗinka sabuwar riga, sai ya ce sana'ar mutumin nan zai yi. Mu kuma sai mu sayar da awaki mu kai shi, ba mu tambayi kowa ba.

To, sana'a takan mutu. Babbar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta ɗauki dubban ma'aikata, amma a 2002 aka rufe ta. A Kano samari da yawa sun ci abinci da acaɓa, sai a 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni. Wanda ya ci bashi ya sayi babur ana gab da hanawa, yaya zai yi?

Saboda haka mu tambaya. Kada mu tsaya ga maigidan sana'a shi kaɗai, don shi yana son yaran da za su taya shi. Mu nemi yaron da ya shekara biyu a hannunsa. Shi zai gaya mana ko ana koya masa aikin, ko kuwa aike da ɗiban ruwa kaɗai yake yi. Mu nemi wanda ya bar sana'ar, mu ji abin da ya kore shi. Wannan ba ya ɓoye kome.

Mu ji shekara nawa ake yi kafin a yaye yaro, da kuɗin kayan aiki. Tela ba keke ɗan kallo ne. Mu ji kuma lokacin cinikinta. Magini da rani yake samu, da damina fa?

Sa'an nan mu dubi garinmu. In akwai teloli huɗu, na biyar wa zai ɗinka wa? Ga shi kuwa in injin ban ruwa ya lalace, sai mun ɗauke shi zuwa birni, albasa tana bushewa a fadama.

Ran kasuwa mai zuwa kowa ya zauna da mai sana'a guda, ya rubuto amsoshinsa a littafinsa. Ran Laraba sai mu karanta su a aji, mu gwada.