Nisan Asibiti

A ƙauyuka da dama kuɗin acaɓa zuwa asibiti ya fi kuɗin magani. Mai hawan jini da aka ce ya riƙa dawowa duk wata sai ya yi sammako, ya bar gona, ya tarar layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Da damina, in rafi ya kawo, sai haƙuri. Shi ya sa mai kemis ya zama likitan gari.

Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na matakin farko. Gine-gine kam an gani. Amma ɗakin shan maganin da ma'aikacinsa ke kwana a birni, sai hantsi ake buɗe shi.