Uwargida, Kin Duba Ƙafar Motar Kuwa?

Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na ƙasar Dawakin Tofa, tun daga cikin garin Dawaki har Dawanau da Kwa da Tumfafi da Ganduje da Jalli da sauran ƙauyukan da ke kewaye. Yau hirar tamu a kan tayar mota ce.

Na san wata za ta ce, "To Hajiya, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da dalili, ina ruwana da taya? Ai wannan zancen direbobi ne." Tsaya ki ji, 'yar'uwa. Ranar da naƙuda ta zo da gardama aka ce sai Asibitin Murtala, wa ake sakawa a mota? Ke ce. Ranar kai amarya, su wa ake cusawa a bas, kowace da goyo a baya da wani a cinya? Mu ne. Ranar ziyarar ɗalibai ko gaisuwar mutuwa, su wa ke cika kujerun baya? Mu ne dai da 'ya'yanmu. Ashe ko ba ki taɓa riƙe sitiyari ba, ranki yana kan tayar nan duk lokacin da kika fita.

Ki san cewa duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Wannan ɗan wurin shi ke ɗauke da nauyi, shi ke karɓar birki, shi ke juya mota a kwana. In ya lalace, ƙwarewar direba ba ta da wurin tsayawa.

Kada kuma a ɗauka matsalar talaka ce kaɗai. A ranar 6 ga watan Maris na 2016, ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta baya ta fashe ana cikin gudu. Motar minista ke nan. To ina ga tsohuwar Golf da aka ɗora wa buhunan wake da riɗi daga kasuwar Dawanau, aka kuma ƙara mutum takwas a ciki?

Bari in lissafa miki alamomin da idonki zai iya gani, ko ki aiki yaro mai hankali ya dubo miki.

Alama ta farko ita ce suɗewa. Sabuwar taya tana da zane mai zurfi, kamar ƙananan kwatoci. Ba don ado aka yi su ba. Aikinsu shi ne su kore ruwa daga ƙarƙashin taya domin roba ta kama kwalta. Idan zanen ya cinye, taya ta yi sumul kamar bayan ƙwarya, da damina sai mota ta riƙa sulɓi a kan ruwa, a taka birki ta ƙi tsayawa. Masu ƙera taya sun sa mana ma'auni a jikinta. Idan aka leƙa cikin kwatocin za a ga wasu ƙananan tudu a kwance a tsakani, tsayinsu milimita 1.6. A gefen taya kuma akan sa wata 'yar alama mai kusurwa uku ko haruffan TWI domin nuna inda suke. Duk ranar da zanen ya cinye har ya yi daidai da tudun nan, taya ta gama aiki. Idan kuwa har zare ko waya ta fara leƙowa, wannan ko zuwa bakin titi bai kamata a yi da ita ba.

Ta biyu, tsattsagewa. Kin san yadda bokitin roba ko silifas ke yi idan aka bar su a rana wata da watanni: su bushe, su yi fari-fari, su fara tsagewa. Haka taya take. Ki sa a duba gefenta da cikin zanen. Idan an ga ƙananan tsagu kamar faso a dunduniya, robar ta mutu. Wannan ya fi samun motar da ke daɗewa a ajiye a ƙofar gida, rana na dukanta, ba a fita da ita sai da salla ko biki. Maigida zai ce ai bai yi wata tafiya da ita ba. Gaskiya ne, amma roba tana tsufa ko tana aiki ko tana kwance.

Ta uku, kumburi. Wani lokaci za ki ga gefen taya ya yi ƙulu kamar ƙwai. Cikin taya akwai zaruruwa da ke riƙe da ita, to idan mota ta faɗa rami da ƙarfi ko ta daki dutse, sai zaren ya tsinke, iska ta turo robar waje. Hanyoyinmu na burji da gefen kwalta da ruwa ya zaizaye suna yawan jawo wannan. Taya mai ƙulu ba ta da magani. Ku mutanen Dawaki, gidan tukwane, kun fi kowa sanin cewa randar da ta tsage a gindi ba a ɗaukar ta a ka da ruwa a ciki. Haka kuma duk hujin da ya samu gefen taya, faci ba ya riƙe shi yadda ya kamata, domin gefen nan kullum cikin lanƙwasa yake. Faci a tsakiyar taya ake yin sa.

Ta huɗu, cin gefe guda. Taya tana ba da labarin abin da ke damun ta. Idan tsakiyarta ce ta fi cinyewa, iska ake cika mata fiye da kima. Idan bakinta biyu ne suka cinye tsakiya na nan, iska ke yi mata kaɗan. Idan kuwa ɓangare ɗaya ne kawai ya suɗe, ƙafar motar ce ta karkace, sai an kai wa masu saiti. In ba a gyara ba, ko sabuwa aka saka haka za ta cinye ta, kuɗi ya tafi a banza.

Ta biyar, shekaru. Wannan ita ce da yawa ba su sani ba. Kamar yadda kike duba kwanan wata a jikin kwalbar maganin yara, haka taya take da ranar haihuwa a jikinta. A gefenta akwai layin rubutu da ya fara da haruffa DOT, a ƙarshensa kuma akwai lambobi huɗu, sau da yawa a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, in aka ga 2319, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2019, wato wajen farkon watan Yuni. Wani lokaci lambar tana gefen da ke kallon cikin mota, sai an leƙa. Idan lambobi uku kawai aka gani, an yi ta tun kafin shekarar 2000, ta girmi wasu amaren ma. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan hankalin direbobi cewa su ɗauki shekara 4 daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Kamfanin Michelin kuma ya ce bayan shekara 5 a riƙa kai ta ga masani yana dubawa duk shekara, in ta kai shekara 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Mu da ke ƙasar zafi, inda a watan Afrilu zafin rana kan kai digiri 40, kwalta kamar tanda, ga lodi ga ramuka, gara mu riƙi wa'adin da ya fi gajarta. Ki ba ɗanki na firamare wannan aiki, ya rubuto lambobin tayoyin nan huɗu a takarda, har da safaya da ke cikin but. Ita ma safayar tana tsufa, kuma ranar tsiya ake neman ta.

Yanzu sai batun saye. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Legas a 2008, sai ƙasa ta koma dogaro da ta waje, kuɗinta kuma yana bin dala. Shi ya sa magidanta da yawa ke komawa ga ta hannu, wadda ake kira Beljiyam. Ba na raina aljihun kowa. Amma a sani, hukumar kwastan ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin kayan da aka hana shigowa da su, kuma da dalili. Tayar da aka cire a Turai an cire ta ne don ta tsufa ko ta samu rauni. Wasu ma an yi su ne don ƙasar ƙanƙara, robarsu mai taushi ce, ba ta jure zafinmu. Akwai kuma masu ha'inci da ke sake sassaƙa zane a jikin suɗaɗɗiyar taya, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Ƙyalli ba lafiya ba ne. Ko a shagon sababbi maigida ya je, ya duba lambobin nan huɗu, don akwai wadda ta shekara da shekaru a sito. In kuɗin guda biyu kawai ake da shi, masana sun ce a saka sababbin a baya, domin in baya ya ƙwace wa direba, motar juyawa take yi.

Sai iska. Dukan taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne. Akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba da ke nuna adadin iskar da ta dace da motar. Mai faci ya auna da geji, da safe kafin taya ta ɗau zafi, aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya. Tayar da iska ta yi wa kaɗan tana lanƙwashewa, ta yi zafi, ta fashe, musamman in an yi mata lodi.

To ta yaya za ki faɗa wa maigida? Nan ake gane uwargida. Ba ya dawo daga kasuwa a gajiye ki tare shi da "motarka ta zama akwatin gawa" ba. Bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, "Maigida, yau na ji a rediyo ana bayanin taya, na sa Abba ya rubuto lambobin tamu, ga su. Don Allah in ka bi ta wurin mai faci ya duba mana ta bayan nan, na ga kamar ta yi ƙulu." Ba namijin da zai ƙi wannan. In kuɗi ne matsalar, ku yi shawara. Wata ta ɗauki adashi ta yi anko kala uku a biki ɗaya. In ta ranta wa maigida kuɗin taya guda, kanta da 'ya'yanta ta yi wa.

Idan motar haya ce aka kawo ƙofar gida, ta kai amarya ko ta zuwa suna, ku manyan mata kuna da baki. Kafin a fara shiga, a sa wani saurayi ya zagaya da tocila ya haska tayoyin. In an ga waya ko ƙulu, a ce a canzo wata, ko a yi sawu biyu maimakon a danne mutum ashirin a motar mutum goma sha huɗu. Amarya ba ta lalacewa don an kai ta bayan awa guda. Haka in babur ne ko A Daidaita Sahu, su ma ƙafarsu roba ce, alamomin duk ɗaya ne.

In kuma, Allah ya kiyaye, taya ta fashe kuna cikin tafiya, abin da ake so direba ya yi shi ne ya riƙe sitiyari gam da hannu biyu, ya sassauta ƙafa daga totur a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi, har motar ta rage gudu ya gangara gefe. Namu aikin shi ne mu rungume yara, mu yi salati a hankali, ban da ihu, ban da cafko kafaɗar direba. Ruɗewar fasinja tana sa direba ya taka birkin da zai kifar da mota.

Na san akwai mai cewa haɗari ƙaddara ne. Haka ne, amma ai ba ki barin yaro kusa da rijiya a buɗe ki ce ƙaddara. Rufewa kike yi, sannan ki yi addu'a.

Kafin mako mai zuwa, ga ɗan aikin da na bar miki: zane, tsaga, ƙulu, cin gefe, da lambobi huɗu. A dubo su a motar gida, ko ta ƙanin miji, ko ta maƙwabcin da ake bugawa ƙofa in dare ya yi da mara lafiya. Ki kuma gaya wa abokiyar zamanki da maƙwabciyarki da ba ta samu sauraro ba. Allah ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu a kan hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.