Ƙarin Lokaci a Ɗakin Jarrabawa: Lacca Kan Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman

Ba zan ɓata lokacinku da karanto doka ba. Kun san Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019, kun san ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Kowa ya leƙa ɗakin laccar da ke saman bene a tsangayarsa, ya gaya mini ta inda keken guragu zai hau.

Amma yau ba matakala ce ta kawo ni ba. An daɗe ana fakewa da maganar gini, domin da an tayar da ita sai a ce babu kuɗi, a jira asusun TETFund, shi ke nan an rufe zance. Ni rigimata da abokan aikina a kan abin da ba ya cin ko kwabo ce, wato takardar darasi da ɗakin jarrabawa.

Wata shekara na koyar da wani ɗalibi makaho. Kullum yana layin gaba, wayarsa a kan benci tana naɗar murya. Da dare ya saurara, ya riƙa huda takarda da tsinke a kan ɗan allonsa, ɗigo bayan ɗigo, har laccar awa biyu ta cinye masa rabin dare. Wani malami ya hana shi naɗa, wai kada a yaɗa muryarsa, ya miƙa masa fotokwafi mai dishi-dishi. Alhali darasin yana cikin kwamfutarsa, da ya tura masa, wayar ce za ta karanta masa da baki.

Ran jarrabawa aka samo masa marubuci, wani ɗan aji ɗaya daga wani sashe, wanda bai taɓa jin kalmomin fannin ba. Mai ido yakan zura ido kan tambayoyi biyar ya zaɓi wadda zai fara. Shi kuwa sai an karanto masa duka, a maimaita. Yana faɗa, yana tsayawa ya jero haruffan kalma, a sake karanto masa abin da aka rubuta ya gyara. Lokaci na cika, mai tsaron jarrabawa ya karɓe takardarsa tare da ta kowa, yana cewa adalci ke nan. Don Allah me muka auna a ranar? Saurin hannun wani yaro muka auna, muka rubuta makin a gaban sunan wani.

Masu cewa ƙarin lokaci zai zubar da darajar digiri, ko ya buɗe ƙofar satar amsa, ba zan daɗe a kansu ba. Tambaya ɗaya ce, ma'aunin maki ɗaya ne; mai tsoron marubuci ya ajiye musu mai lura. JAMB, da ke jarraba fiye da mutum miliyan ɗaya duk shekara, ta kafa kwamitin Farfesa Peter Okebukola tun 2017, ana yi wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, har da ta Kano, ban kuma ji wanda ya ce jarrabawarta ta lalace ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu da Najeriya ta tabbatar a 2010 ma ta lissafa hana irin wannan sassauci cikin nuna wariya.

Kurame fa? Jami'ar Ilori tana da cibiyar tallafa musu. Mu kuwa yaro ya fito daga makarantar Tudun Maliki da maganar hannu, mu zaunar da shi babu tafinta, yana kallon ƙeyar malamin da ke bayani yana rubutu a allo.

Abin da na sha faɗa shi zan maimaita: a daina barin lamarin ga kirkin malami, domin kirki yakan tafi hutu. Majalisar jami'a ta rubuta ƙa'ida a kan ƙarin lokaci, da izinin naɗar lacca, da marubucin da ya san fannin, a kuma ɗora alhakin a wuyan ofis guda. Shugaban taro, ina roƙonka ka kai wannan zaman majalisa mai zuwa, kafin a liƙa jadawalin jarrabawa.