Kaponata: Yadda Mutanen Sisili Ke Sarrafa Yalo



Mu masu kayan gwari mun san zafin asara. Idan kaya ya yi yawa a kasuwa, yalo da tumatir sai su yi laushi a gabanmu, mu sayar a wulaƙance ko mu zubar. Shi ya sa yau muka kawo muku labarin wani abinci da ake kira kaponata.

Asalinsa tsibirin Sisili ne, a kudancin Italiya, cikin Bahar Rum. Larabawa sun shiga tsibirin a shekarar 827, suka mulke shi sama da shekara 200, kuma a zamaninsu ne noman rake da yalo ya yaɗu a can. Yalonsu babba ne, baƙi-baƙi, ba irin namu ba.

Ga yadda suke yi. A yanka yalon ƙanana, a barbaɗa gishiri, a bar shi kamar awa guda ya tsane ruwa, ɗacin ya fita. Sai a soya shi shi kaɗai a man zaitun. A wata tukunyar a soya albasa da seleri, a zuba tumatir da 'ya'yan zaitun da tohon furen wani tsiro nasu da ake jiƙawa a gishiri. Daga nan a sa ruwan khal da ɗan sukari, a juye yalon a ciki. Mutanen Kataniya kan ƙara tattasai, wasu kuma su sa zabibi.

Ba a cinsa da zafi, sai ya huce. Ana ci da burodi kafin babban abinci, kuma na kwana ya fi daɗi. Tsamin khal ɗin nan shi ke sa ya yi kwanaki a firji bai lalace ba. Wanda zai daɗe kuwa, sai an rufe shi a kwalba ko gwangwani an tafasa. Haka kamfanonin Palermo ke yi su sayar har ƙasashen waje.

To 'yan'uwa, yalon da zai ruɓe suka mayar kuɗi. Namu yalon da gautan sun fi ɗaci, don haka mu fara da kaɗan a gida, mu ji bakin yara da maigida kafin mu kai kasuwa. Kuma a kula, a zafin nan namu kada a bar shi ya kwana a waje.

Allah ya sa albarka a nemanmu.